Tankin 504 ɗin Baba ya yi tsatsa: a wanke ko a sauya?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen iyayenmu direbobi da bakanikai. Akwai Peugeot 504 ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa fil a 1986. Tun rasuwarsa a 2018 take ajiye a gidanmu na Tudun Wada ƙarƙashin rumfar kwano, ba wanda ya ƙara murza mata makulli. Da aka raba gado sai ta faɗo a kasona. Mutane da dama sun ce in kai ta Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan mota, a yanka, Hajiyarmu ta ce muddin tana numfashi ba mai sa wa motar nan guduma, don a cikinta Baba ya kai ta asibiti daren da ta haifi autanmu.

Makon jiya na kawo bakanike. Ya sauya baƙin mai, ya sa batir da filogi, ya ɗiga fetur a bakin kafireto, bugu biyu ta tashi. Wallahi sai ga Hajiya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya bakin ƙofa tana sauraro. To amma da muka zuba galan biyu a tanki, ko minti biyar ba ta yi tana silo ba ta shaƙe ta mutu. Ya ciro filta ya zazzage a tafin hannunsa, abin kamar jiƙaƙƙiyar jar ƙasa. Man da ya biyo baya kuwa ja ne kamar shayi ba madara, ga wani wari irin na tsohon fenti. Ya ce tanki ne ya yi tsatsa. Shin a sauke a wanke, ko in nemi wani? In wankewa ne, da me?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa can ta fi nan. Ɗana, kafin komai, kada ka ƙara tayar da motar nan da wancan tanki. Duk tashi ɗaya dattin nan kake turawa cikin famfon mai da kafireto. Na ja 504 wagon daga tashar Kawo zuwa Kano da Katsina shekaru masu yawa, na san halinta. Inji ne mai haƙuri, amma ba ya shan ƙazanta. Ka sauke tankin. Mu a da tsakuwa muke zubawa da kananzir, mutum biyu su kama su yi ta jijjigawa har hannu ya gaji, a zubar, a sake.

Ɗan Rigasa:
Yaya, me zai sa ka wahala? Ka samu jarka mai lita 20 ka ɗaure a but, ka ja tiyo zuwa gaba, magana ta ƙare. Motoci nawa ke yawo a haka?

Oga na Kurmin Mashi:
Ɗan Rigasa, don Allah kada ka ƙara ba wani wannan shawara. Jarka a but, rana ta buge ta, tururin mai ya cika motar, ga wayoyin fitilun baya da suka shekara kusan arba'in a wurin. Motar da za a ɗauki tsohuwa da yara a ciki? Mu ma a gareji mukan yi amfani da galan, amma don gwajin inji kawai, mota na tsaye.

Baban Amira, ga yadda nake sauke tanki, ka karanta wa bakanikenka ko da ya sani. A turo motar fili, inda iska ke kaɗawa, ba cikin rumfa ba. A cire kan batir tukuna. A gaya wa mutanen gida ranar ba hura gawayi a tsakar gida, ba tayar da janareto kusa, mai shan taba ya yi nisa. A zuƙe man da ke ciki da ƙaramin famfon hannu, kada yaron gareji ya sa baki a tiyo, don in fetur ya sarƙe mutum ya shiga huhu ciwo ne babba.

Notunan da ke riƙe da tanki su ne za su ba ku wahala. Ku jiƙa su da man birki ko feshin kwance tsatsa tun yau, ku bar su su kwana. Gobe in za a kwance, a fara ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan sannan a dawo da shi baya, a hankali, gaba da baya. Wanda ya yi gardama ban yarda a sa masa wuta ko giranda ba, gara ya karye. A tokare tankin da jak, a sa faffaɗan katako tsakani don kada jak ya lotsa shi. Kafin a cire tiyon wuya da tiyon numfashi da wanda ke kai mai gaba da wayar geji, ka ɗauki hotonsu da wayarka. Mutum yakan ce zai tuna, bayan sati biyu sai a tsaya ana gardama.

Baban Amira:
Na gode Oga. Fulot ɗin geji fa, wato abin nan da ke yawo a saman mai yana nuna yawansa, a bar shi a ciki a wanke tare?

Oga na Kurmin Mashi:
A'a, a ciro shi a ajiye gefe. Siririyar waya ce a cikinsa, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsinka ta. In ya ƙi fita a bubbuga da katako, ba ƙarfe a kan ƙarfe ba, saboda tartsatsi. Kuma ta ramin da ya fito za ka haska tocila ka ga cikin tankin da idonka. Tocila, ba ashana ba, ba layita ba. Sai ka gani sannan za mu san ko tankin na wanki ne ko na Panteka.

Ɗan Panteka:
Ni dai ra'ayina daban. Alhaji, tankin da ya shekara shida zuwa bakwai da ruwa kwance a cikinsa ya gama yawo. Za ka kashe kuɗin wanki, ka kashe kwanaki, bayan wata uku ya fara yoyo. A Kaduna fa muke. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kakuri, kuma sai 2006 aka daina 504. Ba garin da ya kai nan gawar 504 a ƙasar nan. Ka zagaya tsohuwar Panteka da sabuwa da Oriyapata, da wuya ka dawo hannu rabbana.

Tsohon Direba:
To ai ka ba kanka amsa. In 2006 aka daina, wanda za ka sayar masa ɗin shekararsa nawa? Kuma a ina ya kwana duk damunan nan? A jibge a fili baki buɗe, ruwan Agusta na shiga. Nasa aƙalla ya san tarihinsa. Kada a gudu ba a tsira ba.

Ɗan Panteka:
Baba, da gaskiyarka, akwai ruɓaɓɓu. Amma akwai waɗanda aka cire daga motar da ke aiki har ranar da ta yi haɗari, cikinsu fes. Mai saye shi zai buɗe ido, ya haska ciki, ya danna ƙasan da sukundireba, ya bi bakin haɗin sama da ƙasa da farce. Ban ce ya saya ido rufe ba. Kuma ya lura, na salun daban, na wagon da fikof daban.

Malamar Kimiyya:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba bakanikiya ba ce, kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare, amma mun yi irin wannan aiki da maigidana a kan tankin janaretonmu da na tsohuwar motarsa.

Malam Baban Amira, bayaninka ya nuna datti iri biyu ne a tankin nan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Warin tsohon fentin nan da jan launi, tsohon fetur ne. In fetur ya daɗe, sassansa marasa nauyi sukan tashi su bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro ya manne a jikin ƙarfe. Jar ƙasar kuma ita ce tsatsa. Asid ba ya cin danƙon mai, sabulu kuma ba ya cin tsatsa. In ka fara da asid, danƙon zai lulluɓe tsatsar, ka yi asarar kuɗinka. Sai an fara da ruwan zafi da garin sabulu mai yawa, a jijjiga, a zubar, har sai ruwan ya daina fitowa da maiƙo. Wannan wankin kuma shi ke rage tururin mai.

Inda ruwa ya fito kuwa ba abin mamaki ba ne. Tankin da ba a cike yake ba iska ce a samansa. Da rana ta yi zafi ta fita, da dare ta dawo da laima, laimar ta taru a jikin ƙarfe kamar yadda gumi ke tsatstsafowa a bayan kofin ruwan sanyi. Lita ɗaya ta fetur wajen giram 740 ce, ta ruwa giram 1000, don haka duk ɗigon da ya gangaro ƙasa yake nutsewa, man da ke samansa kuma ya hana shi bushewa. Damina shida a Kaduna, daga Mayu zuwa Oktoba, ai dole ƙasan tankin ya ji jiki.

Ɗan Rigasa:
Malama, to ruwan batir fa? Na ga wani mai gyaran babur yana zuba shi a tankin mashin, minti goma ya fito fari tas.

Malamar Kimiyya:
Zai fito fari, amma ka koma ka duba shi washegari. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil ba sa bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, duka suke ci. Tsofaffin tankuna da yawa an shafe cikinsu da dalma ko tutiya tun daga kamfani don kariya, asid mai ƙarfi yakan kwashe ragowar wannan shafin ya bar ƙarfe tsirara, kafin ya bushe ma ya sake yin ja. Ga haɗarin ido da fata. Haka sodar da ake haɗa sabulu da ita: tana narkar da danƙon mai sosai, amma tana cin dalma da tutiya da alminiyam.

Abin da nake ba da shawara shi ne mai sanyin hali. Farin khal na girki, asid ɗinsa wajen kashi 5 cikin 100 ne, yana aiki amma za a sayi da yawa. Wanda ya fi sauƙi shi ne sitirik asid, farin garin nan mai kama da sukari da masu haɗa lemo ke saya wajen masu kayan kemikal. Shi ne tsamin da ke cikin lemon tsami. Giram 50 zuwa 100 a kowace lita ta ruwan ɗumi. Ba sai ka cika tankin ba, ka haɗa lita 20, kowane gefe ya kwana a ƙasa, kana juyawa. Iyayenmu mata da ke goge tasar tagulla da tsamiya, wannan ilimin suke aiki da shi.

Injiniya Malali:
Akwai wata hanya da ba a ambata ba, ta lantarki. A cika tanki da ruwan kanwa, a rataya guntun rodi ta bakinsa yadda ba zai taɓa jikin tanki ko kaɗan ba, a ɗauko cajar batir, baƙar waya a jikin tanki, jar waya a rodi. Tsatsar za ta saki, rodin ya yi ta kwasar ƙazanta, kana ciro shi kana kankarewa. Kyawunta ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. Sharaɗi uku: kada a juya wayoyin, in an juya tankin ne zai ci, kada a sa gishiri a madadin kanwa, kuma a yi a fili baki buɗe, don kumfar da ke fita iskar haidirojin ce, tana kama wuta.

Oga na Kurmin Mashi:
Injiniya, na taɓa gwadawa a tankin babur, ta yi. Amma tankin mota akwai shingaye a ciki da ke hana mai tangaɗi, bayan shingen ba ya fita sosai. Sannan aikin kwana biyu zuwa uku ne da wuta a tsaye. A Tudun Wada?

Injiniya Malali:
Wannan kam gaskiya ne, sai mai sola. Na janye, ya bi ta Malama.

Baban Amira:
Jama'a, mun sauke jiya Asabar. Noti uku sun fito lafiya, na huɗu ya karye kamar yadda Oga ya faɗa. Da muka karkata tankin a tsohon bokitin ƙarfe, bayan jan man sai ga ruwa zalla ya biyo, ya fi kofin shayi biyu, sannan wani caɓi kamar kunun kanwa. Na gano inda akasarin ruwan ya shiga: robar murfin tankin ta tsattsage ta zama kamar busasshen ganye, kuma kwanon rumfar ya huje daidai saitin wannan gefen. Shekaru ruwa na ɗiga a wurin ba wanda ya lura.

Na haska ciki. Sama da gefuna toka-toka ne, lafiya lau. Ƙasan ne ya yi ɓawo-ɓawo, musamman kusurwar da bututun mai ke zuƙa. Na danna da sukundireba ta waje, bai lotsa ba. Ɗan Panteka, ka yi haƙuri, zan fara gwada wanki.

Tambaya ga Baba Direba: tsakuwar wace iri?

Tsohon Direba:
Ta dutsen da aka fasa, mai kaifi, ba ta rafi mai santsi ba.

Oga na Kurmin Mashi:
Baba, a nan zan saɓa maka, ka gafarce ni. Tsakuwa takan maƙale a bayan shinge, kuma tana farfashewa ta bar yashi. Na taɓa karɓar motar da aka wanke wa tanki da tsakuwa, wata shida muna cire yashi daga kafireto. Ya samu notuna da washa na ƙarfe, ya ƙirga kafin ya zuba, ya ƙirga in sun fito. Wanda ya maƙale maganaɗisu zai kamo shi. Ko guntun sarƙa, ya ɗaure bakinta da waya a waje. Amma sai bayan wankin sabulu, kuma da ruwa a ciki. Ba a kaɗa ƙarfe a busasshen tanki mai warin fetur.

Tsohon Direba:
Na karɓa. Mu lokacinmu abin da ke bakin hanya muke ɗauka. Na Oga ya fi.

Maman Sadik:
Don Allah in tambaya, wannan tsohon man da ruwan wankin ina ake kai su? Mu a layinmu wani ya tuttular da irinsa a kwata, kwana uku ba mu iya zama a ƙofar gida ba, kuma rijiyarmu ba ta da nisa da kwatar.

Malamar Kimiyya:
Tambaya mai kyau, Maman Sadik. Tsohon man a zuba a galan mai murfi a ba 'yan gareji, suna wanke kayan inji da shi. Kada ya shiga kwata ko masai, tururinsa yana bin rami ya taru. Ruwan asid ɗin kuma a zuba masa kanwa kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, sannan a zubar nesa da rijiya.

Baban Amira:
An yi wankin sabulu sau huɗu. Notuna 60 na zuba. Da hannu abin ya gagare mu ni da ƙanena, sai muka rataye tankin da igiya biyu a reshen darbejiyar ƙofar gida kamar lilo, muna turawa muna juyawa. Ruwan farko da ya fito kamar na kududdufi. Notuna 59 suka fito, ɗaya ya ƙi. Sai da na fasa tsohuwar sifikar rediyon Baba na ciro maganaɗisunta, na bi da shi ta bayan tankin a hankali ina jin notin na biyowa, ƙyas ƙyas, har bakin ramin geji.

Sitirik ya yi kwana biyu. Cikin ya yi fari, har na ji daɗi. Amma yau da safe na ga ƙasan ta waje yana tsatstsafo da ruwa a wuri uku, ƙananan huji kamar na allura. Kafin wanki ba ya yoyo. Anya asid ɗin nan bai huda mini tanki ba?

Ɗan Panteka:
Abin da na guda ke nan tun farko.

Malamar Kimiyya:
Malam, hujin nan suna nan tun kafin ka zuba komai. Tsatsa da danƙon mai ne suka toshe su. Sitirik a wannan ƙarfin ba zai huda lafiyayyen ƙarfe a kwana biyu ba. Da ka mayar da tankin ba wanki, da sabon fetur ya narkar da danƙon a hankali, ka tarar da yoyon a kan titi kusa da salansa. Gara da ya bayyana a ƙofar gida da ruwa a ciki.

Ɗan Rigasa:
Huji uku kawai? Kai wa mai walda ya ɗiɗɗiga maka, minti biyar.

Mai Walda Kakuri:
Tun farkon zancen nan nake karantawa ban ce komai ba, ina jiran a zo nan. Ƙanena, ni walda ce sana'ata shekara ashirin da wani abu, kuma in ka kawo mini tankin fetur ka ce minti biyar, ba zan karɓa ba.

Ina yaron shago aka kawo wa maigidana tankin wata mota. Mai shi ya rantse ya wanke da sabulu, ya shanya kwana biyu. Maigida ba ya nan, babban yaronsa ya sunsuna bakin ya ce ba wari. Ina tsaye riƙe da wayar walda ya kusantar da wutar kabaid. Ban ga wuta ba ma, ƙara kawai na ji, kamar an buga mini ƙofar ƙarfe a cikin kai. Tankin da yake shafaffe ya kumbura ya zama kamar tulu, haɗinsa ya yage, murfin ya huda kwanon shagon ya fita. Wanda ya riƙe wutar ya rayu, amma kunnensa na dama bai ƙara ji ba, kuma har yau akwai tabo daga haɓarsa zuwa wuya. Man da ya yi wannan aikin bai fi cokali ba, a cikin haɗin ƙarfen ya ɓuya, zafi ya tayar da shi.

Tanki cike da fetur ci yake da wuta. Wanda ba komai a ciki shi ke fashewa.

Malamar Kimiyya:
Allah Ya ƙara tsarewa. Abin da ya faɗa haka yake a lissafi. Tururin fetur yana kamawa ne in ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin. A tankin da ke da mai sosai tururin ya wuce wannan iyaka, iska ta yi kaɗan. A wanda aka juye aka ɗauraye, nan ne ake faɗawa daidai cikinta. Kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi ya fita da kansa, kwanciya yake.

Tsohon Direba:
Inna lillahi. Mu a hanya in tanki ya huje, sabulun wanki muke murzawa a wurin, fetur ba ya narkar da shi. Ya taɓa kai ni daga Zariya har Kano. Amma wannan na isa gida ne, ruwan sama ɗaya ya wanke shi.

Baban Amira:
To Malam Mai Walda, mene ne mafita? Gam ɗin nan mai haɗi biyu zai riƙe?

Mai Walda Kakuri:
Zai riƙe na wani lokaci in an goge wurin ya yi ƙyalli kuma ya bushe, amma ba kowane iri ke jure fetur ba. Abin da na fi yarda da shi ga hujin allura shi ne dalma. Ka kai wa tsofaffin masu gyaran lagireto, ka ce da ƙarfen liƙi kake so, wanda ake gasawa a wuta can gefe a kawo shi da zafinsa a ɗora. Harshen wuta ba ya zuwa kusa da tanki. Duk da haka a buɗe dukkan bakunansa, a zuba ruwa ya kusa cika, a juya wurin hujin ya koma sama. In hujin sun yi kusa da juna a ɗora ɗan faranti na tagulla a zagaye shi da dalma. Kuma ka bi kewayen da tsinin ƙusa kana dannawa. In wuri mai faɗin tafin hannu ya yi laushi, ko hujin sun wuce goma, to ka nemi Ɗan Panteka, ka ba shi haƙuri.

Oga na Kurmin Mashi:
Bayan liƙi a gwada. A toshe bakuna, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa kumfar sabulu a waje. Kada a kai wa mai faci ya sa masa iskar taya, tanki ba taya ba ne, zai kumbura.

Malamar Kimiyya:
Sai abu na ƙarshe daga wajena, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Ƙarfen da aka wanke da asid cikin sa'a guda yake fara sabuwar tsatsa. Da an gama liƙi a sake ɗauraye shi da sitirik na ɗan lokaci, a bi da ruwan kanwa da aka tace, a bi da ruwa mai kyau, sannan a busar nan take. Ka zaɓi ranar da rana ta buɗe. A zuba sifirit kamar rabin lita a kaɗa, yana haɗuwa da ragowar ruwa ya fito da shi daga lungu. A shanya baki ƙasa, sannan baki sama. Da ya bushe a kaɗa kananzir da ɗan baƙin mai sabo ya shafi ko'ina, a juye. In ka samu fosforik asid wajen masu fenti ka yi ɗaurayar ƙarshe da shi, ya fi, don yana barin wani shafi mai ruwan toka da ke jinkirta tsatsa. Fentin gida ko na mota kuwa kada ya shiga ciki, fetur zai ɓare shi ya toshe bututu.

Oga na Kurmin Mashi:
Kuma kada a mayar da tsaftataccen tanki a kan ƙazamin layi. Bututun ƙarfen da ya taho daga baya zuwa inji a cire bakinsa biyu a hure shi. Duk tiyon roba a sauya, da na fetur na gaske, ba tiyon ruwa ba. Famfon man 504 a jikin inji yake, akwai fatar roba a cikinsa, bayan shekarun nan ta bushe. In ta tsage fetur zai gangara cikin baƙin mai. A wanke kafireto. A sa filta mai gilas da ake ganin ciki kafin famfo, ka sayi biyu ka ajiye ɗaya a mota. Sabon murfi. Sannan ka cika tankin ranar da aka ɗaura.

Ɗan Rigasa:
Oga, cikawa fa ka ce. Lita 56 ne tankin 504. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wa ke cika tanki? Kowa na 'yan dubunsa yake sha.

Tsohon Direba:
A nan kam yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma shi ya sa tsatsar tanki ta yi yawa yanzu. Amma kuɗin cikawa sau ɗaya ne, ɗana. In ka cika, abin da ka ƙona kawai za ka riƙa mayarwa, kamar yadda mai shan lita biyar-biyar ke yi. In bai samu ba ya tsaya a sama da rabi, musamman da damina. Ya guji man bumburutu, ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba. Ko na gidan mai ma ai mun ga abin da gurɓataccen man nan mai metanol ya yi wa motoci a Fabrairun 2022. Kuma ta riƙa fita ko sau ɗaya a mako.

Baban Amira:
Alhamdu lillahi. Wani dattijo mai gyaran lagireto ya liƙe hujin da dalma, da ya goge wurin sai suka zama biyar, duka a kusurwa ɗaya, ya ɗora faranti. Kumfa ba ta nuna komai ba. Mun ɗaura ranar Laraba, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka cika shi. An gyara kwanon rumfar ma.

Jiya Juma'a na ɗauki Hajiya zuwa Kawo wajen ƙanwarta. Ta ƙi zama gaba, ta ce baya take zama, bayan kujerar direba, nan ne wurinta. Har muka je muka dawo motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Na duba filta da muka iso, akwai 'yan ɗigo ja kamar ƙwayar gero huɗu ko biyar a ƙasanta. Allah Ya saka wa kowa da alheri, har da Ɗan Panteka, don a wajensu na samo murfin da notin da ya karye.

Saura abu ɗaya: gejin mai ya tsaya a rabi, ko motsi ba ya yi, alhali tanki a cike yake.

Oga na Kurmin Mashi:
Ma sha Allah. Ɗigon nan ragowar cikin bututu ne, ka sauya filtar bayan sati biyu ka sake dubawa. Geji kuma ka fara da wayar ƙasa, wataƙila inda take kama jiki akwai tsatsa, a goge da samfefa. In bai tashi ba, hannun fulot ɗin ne ya lanƙwashe wajen mayarwa, ko fulot ɗin ya sha mai ya yi nauyi. Kada a taɓa shi yanzu da tanki a cike. Ka bari man ya sauka ƙasa da rabi, ka kawo ta da safe kafin rana ta yi zafi.